Kafin Mu Ɗora Shi a Sikeli: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Jos

Zuwa ga
Shugaban Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa,
Ministan Bunƙasa Harkokin Ƙarafa,
da Gwamnatin Jihar Filato.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, gara in fara gaya muku ko ni wane ne, kada ku ji a bakin wani ku ce na ɓoye. Ɗan jari bola ne ni. Fiye da shekara ashirin ke nan ina sayen tsohon ƙarfe a Jos da kewaye, in yanka, in auna, in loda wa tirela ta nufi masu narkawa. Idan mutum ya cika, masu wanka ake kira. Idan inji ya cika, mu ake kira. Wato wanda ya zo roƙonku yau ku tsare tsohon ƙarfe shi ne wanda tukunyar gidansa ba ta hawa murhu sai an ƙi tsarewa. Na faɗa tun da wuri, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙarfe gadonmu ne. Kakana maƙerin baƙi ne daga ƙasar Kano. Ya biyo 'yan cirani masu neman kuɗin haraji ya hau tudun Jos lokacin da haƙar kuza ke tashe, amma bai shiga rami ba. Ya kafa uwar maƙera a gefen bariki, yana gyara wa leburori diga da shebur, yana ƙera wa manoman kewaye fartanya da lauje. Mahaifina a gindin zugazugi ya girma, ni ma na yi zuga ina yaro har tafin hannuna ya yi kanta. Kawuna ne ya fara fita daga maƙera ya shiga kamfani. A farkon shekarun 1980 aka ɗauke shi aiki a Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Jos, ya zama mai tuƙa ƙugiyar sama, wadda ke yawo a kan dogo can kusa da rufi. Kaka ya ƙera, kawu ya mulmula, ni kuma ina yankawa.

Yaran da ke wuce ƙofar kamfanin yau a keke napep ba su san abin da aka nufa da shi ba, saboda haka ku yi haƙuri in maimaita abin da ku kun riga kun sani. A 1971 gwamnatin Gowon ta kafa hukumar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa. Shirin da ya biyo baya mai faɗi ne ƙwarai: babban kamfani a Ajakuta wanda 'yan Tarayyar Sobiyet za su gina, ya narka tamar Itakpe, wani a Aladja kusa da Warri mai aiki da iskar gas da lantarki, wanda Shugaba Shagari ya buɗe a 1982, sai kamfanonin mulmulawa guda uku a cikin ƙasa, Jos da Katsina da Oshogbo, kowanne an tsara shi ya fitar da tan 210,000 a shekara. Na Katsina mutanen Japan ne suka gina, na Jos da na Oshogbo kuma Jamusawa. Waɗannan ukun ba narka tama aka kafa su su yi ba. Aikinsu a kawo musu dogayen sandunan ƙarfe masu kusurwa huɗu, waɗanda ma'aikata ke kira bilet, su mayar da su rodi da waya.

Sau ɗaya tak kawu ya samu izini ya shiga da ni da mahaifina, ina da shekara goma sha ɗaya. Aka kifa mini hular kwano da ta rufe mini ido, sai da na riƙa tallafe ta da hannu. Bilet yana shiga tanderu baƙi ƙirin, ya fito da launin manja mai haske, zafinsa ya haura digiri 1,100, daga nesa kana jin hucinsa yana lasar fuska. Sai ya shiga tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa su matse shi, ya wuce zuwa na gaba su ƙara matsewa. Da farko tafiyar tsohuwa yake yi. Kowace matsa sai ya rage kauri, ya ƙara tsawo, ya ƙara sauri, har a ƙarshen layin ya koma wani jan maciji da ido ba ya iya bi. Ruwa na tsiyaya a kan injinan yana cuwwa, ɓawon ƙarfe na tartsatsi, ƙara kuwa a ƙirji ake jin ta, ba a kunne ba. A can ƙarshe rodi ke kwanciya jere a kan wani makeken gado yana hucewa, daga ja zuwa toka-toka. Mahaifina ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Sai da muka fito ya ce wa kawu, ai wannan ƙira ce, masabar ce kawai aka koya wa juyawa.

Raunin kamfanin tun daga tushe yake. Jariri ne a Jos, mai shayar da shi tana Warri. Dogo bai kai Aladja ba a wancan lokacin, sai dai a ɗoro bilet a tirela a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma duk ranar da Aladja ta gaza, Jos sai ta kwana da yunwa. Babban tanderun Ajakuta kuwa har yau ba a taɓa hura shi ba. A tsakiyar shekarun 2000, zamanin Obasanjo, aka sayar da kamfanonin mulmulawan uku ga 'yan kasuwa. Ban ɗauki alƙalami don in raba laifi ba, akwai masu wannan aikin. Abin da kowane mazaunin Jos zai shaida shi ne an daɗe ba a ji jiniyar canjin aiki ba.

To, me ya sa mai yankan ƙarfe ya damu? Abubuwa biyu ne suka same ni, ɗaya a gida ɗaya a waje.

Wasu shekaru da suka wuce na samu kwangilar kwashe ƙarafan wata masana'anta da ta rufe, a wani gari na arewa da ba zan ambata ba. Takarduna cikakku ne, sisin kwabo na haram bai shiga ba. Muka je da yara goma sha huɗu da tukwanen gas, muka yi mako shida. Mai gadin wurin wani dattijo ne, ashe shi ne ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa babban injin da ke tsakiyar zauren. Yana kiran injin Hajiya, wai don ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Kullum yakan zauna a kan bulo yana kallonmu, yana gaya wa yarana inda za su yanka kada wani abu ya faɗo musu. Ranar da muka zo kan Hajiya ya roƙe ni in dakata. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko sukundireba, ya kwance wani faranti na tagulla da ke jikinta, mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera ta da lambarta da shekararta. Da aka kunna wutar gas sai ya juya bulonsa ya ba mu baya.

A ofishin injiniyoyi akwai kabad uku cike da takardu: zanen kowane inji, da manyan littattafan da masu aikin safe da na dare ke rubuta abin da ya faru, kwana bayan kwana, shekara da shekaru. Ni kabad ɗin na saya, don na ƙarfe ne. Takardun yarana suka kai wa masu ƙosai da masu tsire. A daren nan da kaina na ci tsire a cikin zanen wani injin da na gama yankawa da la'asar, maiƙo ya jiƙe lambobin. Ban ji komai ba a lokacin, kada in yi muku ƙarya. Ranar da za mu tafi dattijon ya miƙo mini farantin nan a nannaɗe cikin tsumma. Na ce, Baba, ai naka ne. Ya ce in riƙe, domin in ya mutu 'ya'yansa ni ɗin dai za su kawo wa in auna.

Na biyun a Jamus ne. Ina taɓa harkar tsofaffin injinan mota, waɗanda muke ce wa Beljiyam, ita ta kai ni yankin Ruhr. Ranar Lahadi can kasuwa duk a rufe take, sai mai masaukina, wani Bahaushen Kumasi, ya ce in zo ya kai ni in ga abin da zai sa miyau ya tsinke mini. Ya kai ni arewacin birnin Duisburg, wata tsohuwar masana'antar narka tama ta kamfanin Thyssen. An fara ta a 1901, aka kashe wutarta a 1985. Maimakon a kira irina, sai mutanen gari suka tashi suka ce a bar ta. Aka ba wani masanin tsara filaye mai suna Peter Latz aikin, a 1994 aka buɗe ta a matsayin wurin shaƙatawa mai faɗin hekta kusan 180. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, dare da rana a buɗe take.

Ku gafarce ni, idon sana'a ba ya barci. A tsakiyar wurin akwai wani dandali da aka shimfiɗe da faifan ƙarfe guda 49, waɗanda a da ake amfani da su a wurin zuba narkakken ƙarfe, kowanne ya kai tan 7. Ina tsaye a kansu kaina ya buga lissafi da kansa: tan 343, lodin tirela goma sha ɗaya da ragowa. Ga shi yara na guje-guje a kai, wata tsohuwa na zaune a gefe tana cin burodi. Na ce wa mai masaukina mutanen nan ba su san kuɗi ba. Ya yi dariya ya ce mu hau sama tukuna.

Muka hau tanderu mai lamba 5, matakala bayan matakala, kusan mita 70, iska mai sanyi na neman cire mini hula. A kowane bene akwai allo mai bayanin abin da ake yi a nan: inda ake zuba tama da gawayin kwal da farar ƙasa, inda iska mai zafi ke shiga, inda ake huda ƙasan tanderu narkakken ƙarfe ya kwararo, kashinsa ya bi wata hanya dabam. Ni da na yi zuga ina yaro na gane komai nan take, zugazugin kakana ne aka kumbura ya zama bene. Da muka sauko na ga tsohuwar rumbun iskar gas, wani katafaren tanki, an cika shi da ruwa mai zurfin mita 13, masu koyon nutso na shiga. Katangun da ake tara tama a da sun zama wurin koyon hawan dutse. Zauren da ake zuba ƙarfe ya zama silima da rani. Da duhu ya yi aka kunna fitilu ja da kore da shuɗi a jikin bututun hayaƙi. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba fitilun ba ne. Wani dattijo na gani riƙe da hannun jikansa, yana nuna masa wata ƙaramar ƙofa a jikin tanderu, yana kwatanta yadda ake riƙe doguwar sanda. Ban ji Jamusanci ba, amma na san wannan hannun. Hannun mai gadin nan ne. Bambancin kawai, shi wannan yana da abin nunawa.

Jamusawan da suka ƙera injinan Jos, nasu tsofaffin sun adana. A Völklingen, kusa da iyakar Faransa, masana'antar narka tama da ta rufe a 1986 ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1994, da tanderunta shida cur. Kuma ba su yi mata kwalliya sun ɓoye munin ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu an tilasta wa mutane fiye da 12,000 aiki a can, an gurfanar da mai kamfanin, Hermann Röchling, bayan yaƙi aka ɗaure shi, kuma yau akwai wurin tunawa da waɗancan bayin Allah a cikin masana'antar. Na kawo wannan ne domin mu ma muna da namu. Tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya Ingila ta rasa kuzar can, Turawa sun kwaso dubban talakawa daga lardunan arewa aka kawo su tudun nan aikin tilas, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Kakana yakan ba da labarin da muryar da ba ya ba da sauran labarai da ita. Gidan tarihin ƙarfe na Jos da zai yi shiru kan wannan, gara kada a gina shi.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a majalisarmu ta bakin kasuwa. Wani abokina ya ce, mutane na neman a tayar da kamfani matasa su samu aiki, kai kana neman a yi masa likkafani. Maganarsa tana da nauyi. Ni ma na fi son in ji jiniya a kan in ga allon bayani. Idan gobe aka ce an kawo bilet an hura tanderu, ni zan fara yanka rago. Sai dai na ga yadda ake tayar da tsofaffin masana'antu, kuma na san wanda ake fara kira. Mai sabon jari ba zai yi aiki da injin shekara arba'in ba. Zai kawo sabo, ya ce a share masa wuri, a kira ɗan jari bola. Wato ko kamfani ya mutu ko ya farfaɗo, tsohon ƙarfen sikelina zai hau, sai fa idan wata hukuma ta riga ni zuwa ta ce wannan da wannan ba na sayarwa ba ne. A Duisburg ɗin ma, daga saman tanderun da aka adana kana hango hayaƙin waɗanda ke aiki, don har yau birnin na narka ƙarfe. Adana na jiya bai hana su na yau ba.

Ranka ya daɗe Shugaban Hukuma, abin da nake nema ba baƙo ba ne a gidanku. Gadar ƙarfen Lugga, wadda aka kafa a Zungeru a 1904 aka dawo da ita Kaduna a 1954, tana cikin kayan tarihin da kuke karewa. Alamar farko ta haƙar ma'adinai a Tilden Fulani ma haka. A harabar gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai kawunan jirgin ƙasa na siririn dogon nan da ya taso daga Zariya zuwa tudun Jos, wanda aka rufe a 1957. Da wani bai ce a bar su ba, da tuni sun zama tukwane. Kawunan mutum-mutumin laka na Nok da duniya ke zuwa kallo, masu haƙar kuza ne suka fara tono su. A Taruga an gano tanderun narka tama da suka haura shekara dubu biyu. A gindin Dala ana narka tama tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin da Kanawa suka gada ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya zo neman tama ya zauna. Sukur ta Adamawa, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta karɓa a 1999, ƙarfe na cikin abin da ya ɗaukaka ta. Burkina Faso ma a 2019 ta shigar da tsofaffin wuraren narka tamarta.

Sai dai ku duba jerin da kyau. Akwai na kakanni, akwai na Turawa. Daga 1960 zuwa yau fa? Abin da aka gina a ƙasar nan bayan tafiyar Bature, masaƙun Kaduna da Kano, kamfanonin mulmula ƙarafa, masana'antar narka kuza ta Jos da aka buɗe a farkon shekarun 1960 aka ma raɗa mata suna Makeri, duk ba su tsufa isa a kira su tarihi ba, ba su kuma da ran da za a kira su masana'anta. A wannan tsakanin muke samun su. Kafin su cika shekarun da za ku waiwaye su, mun gama.

Na san Jamus ba Najeriya ba ce, kuma na san kasafin hukumarku. Shi ya sa ba zan ce ku sayi kamfanin ba, ba zan ce ku kunna fitilu masu launi a garin da ke fama da ɗaukewar wuta ba. Kamfanin yana da masu shi, kuma haƙƙinsu haƙƙi ne. Abin da ya fi gaggawa ma ba ƙarfe ba ne, mutane ne. Waɗanda aka ɗauka aiki suna samari a 1982 yau sun haura sittin, wasu saba'in. Kawuna ya riga mu gidan gaskiya, ya tafi da duk abin da ya sani, ban ɗauki muryarsa ko ta minti ɗaya ba, alhali waya na aljihuna. Ku tura ma'aikata biyu ko uku da na'urar ɗaukar murya, su bi unguwa-unguwa. 'Yan fansho sun san gidajen juna, mutum ɗaya za ku samu ya kai ku wurin hamsin. A tambaye su da harshen da suka fi sakewa, Hausa ko Birom ko Turancin Buroka. A tambaye su yadda ake gane zafin bilet da ido, wa ya koya musu, wa ya rasa yatsa, me ake ci a kantin ma'aikata, waɗanne sunaye suka sa wa injuna. A roƙe su tsofaffin hotuna da katin shaida da hular kwano. Da yawa suna nan a ƙasan akwati, matansu na jiran ranar da za su ba mai gwangwan a musanya da roba.

Bayan mutane sai takardu, kuma kun ji abin da ke samun takardu. Ku nemi izinin masu kamfanin a kwafi zane-zanen injuna da littattafan aiki, a ɗauki hoton kowane zaure kamar yadda yake. Ranka ya daɗe Minista, Cibiyar Bunƙasa Fasahar Ƙarafa ta Ƙasa a Jos ɗin nan take. Injiniyoyinta sun san wane inji ne ya cancanci a ajiye, ma'aikatan gidan tarihi sun san yadda ake ajiyewa, kuma tsakanin ofisoshin biyu kuɗin keke napep ne. A zauna da masu kamfanin a yi yarjejeniya a rubuce: duk ranar da za a sauya injuna ko a sayar, a ware jeri ɗaya na injin mulmulawa, da ƙugiyar sama ɗaya, da ɗakin sarrafawa da maɓallansa, da jiniyar. In za a bar su a inda suke a killace kusurwa ɗaya ta zaure, ya fi, don inji a wurinsa ya fi magana. In ba hali, harabar gidan tarihi tana da fili kusa da kawunan jirgi. Duk abin da na lissafa bai kai lodin tirela uku ba, kuma na fi kowa sanin farashinsa: bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ɗaya ba.

Da za ku ƙara da doka ɗaya, da kun gama mini komai. Kafin a ba irina izinin kwashe ƙarafan kowace masana'anta da gwamnati ta taɓa mallaka, jami'in gidan tarihi ya zaga ya sa hannu. Mako biyu ya isa. Mu masu lasisi ba za mu ƙi ba, don yana ma raba mu da ɓata-garin da ke cire murfin kwalbati da ƙarfen dogo suna ja mana zagi.

Ga Gwamnatin Filato kuma ina da wata magana dabam. Kun fi ni sanin yadda garin nan ya rabu tun rikicin 2001, unguwar da wani ke shiga da wadda ba ya shiga. A zauren mulmulawa babu wannan. Wanda ke ba kawuna alama daga ƙasa Birom ne, shugaban aikinsu Bayarabe, mai gyaran lantarki Inyamuri, mai kula da tanderu Angas. Tan biyu na jan ƙarfe na lilo a saman kanka, ba ka tambayar addinin mai riƙe da ƙugiya. Har kawu ya rasu, abokin nan nasa ɗan Birom bai daina zuwa gaisuwar salla ba, ko a shekarun da zuwan ke da haɗari. Wuraren da duk mutanen Jos za su nuna su ce namu ne ba su da yawa. Wannan ɗaya ne daga ciki.

Shi ya sa nake ganin kada abin ya tsaya a ajiya, a yi masa biki. A yankin Ruhr, tun 2001, dare ɗaya ake warewa kowace shekara a buɗe tsofaffin masana'antu da ma'adinai, motoci na jigilar jama'a daga wannan zuwa wancan. Mu ba sai mun kwaikwayi nasu ba, muna da abin da ba su da shi. A ware rana ɗaya da hunturu. A gayyato sarakunan maƙera daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci, da maƙeran tudun nan. A gina tanderun laka a nemo tama a narka a idon jama'a, tun da sauran dattawan da suka ga an yi, domin ƙarfen Turawa da tsofaffin motoci sun daɗe da kashe narkar gargajiya. A yi wasan wuta, makaɗan maƙera su buga. A gefe guda 'yan walda da masu zubin tukwane da ɗaliban Jami'ar Jos da na kwalejin fasaha ta Barikin Ladi su baje abin da suka ƙera. A sa wa tsofaffin ma'aikatan kamfanin kujeru a gaba, su zaga da 'yan makaranta su nuna musu da hannunsu. Yaron da aka koya wa a allo cewa akwai sura guda mai sunan ƙarfe, kuma Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda shi, ya ga yadda dutse ke zama fartanya, ya kuma ji cewa rodin da ke cikin ginin makarantarsu mai yiwuwa a garinsu aka mulmula shi. Da azahar a kunna jiniya sau ɗaya.

'Yan'uwana 'yan jari bola da za su karanta wannan su ce na zauce: na ji. Amma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan yana da abu ɗaya a lungun shago da ya kasa ɗorawa a sikeli, ƙararrawa ko agogon inji ko fitilar jirgi, bai kuma san dalili ba. Ku fito da su.

Nawa yana nan. Farantin Hajiya na rataye a bangon shagona, saman sikeli, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Sau uku ana taya shi. Duk ranar da kuka buɗe rajistar kayan masana'antu, ku aiko a karɓa, ko ni in kawo da ƙafata, ku rubuta shi lamba ta ɗaya. Zan haɗa da hular kwanon kawu da masabar kakana.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani ɗan jari bola, jikan maƙera,
Jos.